Fuska Sittin da Biyu a Kwarin Marten

Zarton mutum biyu ba a tura shi. Ja kawai ake yi: ka ja naka, ka saki, abokin aikinka ya ja nasa. Kana turawa zai lanƙwashe ya maƙale a cikin itace, sai kuma zagi ya tashi. Wannan ne abu na farko da Baba ya koya mini ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma shi ne abin da ƙanena Dell ya kwashe shekara arba'in yana cewa har yau ban koya ba.

Sunana Verna Stoddard. Ni da Dell muka gaji alfadarai takwas da takardar izinin kai mafarauta cikin Kwarin Marten, a nan arewacin Idaho. Duk kaka sai mu kafa tantuna a bakin tafkin da ke ƙuryar kwarin, mil goma sha ɗaya daga inda titi ya ƙare. Mu kai mutane farautar barewa, mu dafa musu wake da fanke, mu ɗauko musu naman da suka harba. Kafin tsakiyar Oktoba kuma dole mu kwashe komai, ko ƙusa ba a bari.

Dajin na gwamnati ne, wato na kowa. Hukumar gandun daji ta daɗe da hana shiga cikinsa da inji, ko mota ko babur ko zarton fetur, kuma haka aka rubuta a takardar izininmu. Sai dai wannan tsarin ofis ne, wanda ya hau kujera gobe yana iya soke shi da biro ɗaya. Na ga yadda aka yi da kwarin da ke maƙwabtaka da namu. An fara da ɗan titi, sai aka yi musayar fili da wani kamfani, yau in ka je inda Baba ya koya mana kamun kifi ƙofar ƙarfe za ka tarar da ƙaton kwaɗo. Tun daga ranar da na tsaya a gaban ƙofar nan na sa wa raina cewa sai an yi wa Marten doka a majalisa a Washington, dokar da za ta bar shi yadda yake, ba titi ba inji, kowa ya shiga da ƙafarsa ko da dabbarsa. Shekara goma sha tara ina bin wannan magana. Na rubuta wasiƙu har yatsana ya yi kanta, na sha kofi mai sanyi a ofisoshi ba adadi, rabin garinmu sun daina gaishe ni a kantin kayan abinci.

Dell kuwa yana ɗaya ɓangaren, kuma ba ya ɓoyewa. Ya yi aiki a injin fasa katako har aka rufe shi, kafaɗarsa ta dama ta lalace, ga shi ya ba hamsin da takwas baya. Tunda gobara ta cinye tsakiyar kwarin shekara uku da suka wuce, matattun itatuwa suke ta faɗowa kan hanya. Maganarsa ɗaya ce: in an yi doka an hana inji har abada, wa zai ja zarto bayan mu? Hanya za ta toshe, dajin kowa ya koma dajin ba kowa. Sanata yake kirana, a gida da waje.

A wannan shekarar aka ce 'yan kwamitin majalisa za su zo garinmu, Cutler, ranar Alhamis ƙarfe goma na safe, su saurari jama'a a ɗakin wasannin makarantar sakandare. Ɗan majalisar yankinmu ya gaya mini gaskiya a waya. Ya ce masu goyon bayan ƙudurin duk 'yan birni ne masu sababbin takalma. Yana buƙatar mutum ɗaya da aka haifa a nan, mai cin abinci daga dajin, ya tsaya ya ce ana iya riƙe hanyoyin da zarton hannu. In babu wannan mutumin, ƙudurin zai koma aljihun tebur, kuma shi ba zai sake fito da shi ba. Ni ce mutumin. Masu adawa su ma sun zaɓi nasu mai ba da shaida, kuma ba sai na faɗa muku ko wane ne ba.

Ranar Litinin muna sauke tanti na ƙarshe, da la'asar, iska ta taso. Ba ta fi awa ɗaya ba. Daga bakin tafki muna jin itatuwa suna karyewa can ƙasa a inda ta ƙone, ɗaya bayan ɗaya, alfadarai suna ta zabura suna jan igiya. Da ta lafa Dell ya cire hularsa ya sosa kai.

"To, Sanata," ya ce, "ga 'yan mazaɓarki sun yi magana."

Washegari da sassafe muka ɗaure mangaloli muka sauko. Mil huɗu lafiya lau. Daga nan hanya ta shiga matsatsin, inda dutse yake tsaye a hannun hagu, kogi yana gudu a ƙasa a hannun dama, faɗin hanyar bai fi alfadari ɗaya da kayansa ba. A nan muka ci karo da na farko, ƙaton gungume baƙi ƙirin, ya kwanta daga dutse har ruwa. Bayansa ana hango wani, da wani. Dell ya ba ni igiyar Pearl, alfadarar da ke jan gaba, ya tsallaka ya tafi ƙirge. Ya fi awa biyu bai dawo ba. Da ya dawo wandonsa duk gawayi.

"Nawa?" na ce.

"Arba'in cif. Kamar wani ya zauna ya ƙirga mana."

"Ƙanana nawa ne a ciki?"

"Na ce miki arba'in. Waɗanda alfadari zai tsallaka ban sa su ba."

Na zaro zarton Baba daga rigarsa, ƙafa shida tsawonsa, na shafa masa kananzir saboda ƙaro. Kowane gungume yanka biyu yake so, ɗaya ta gefen dutse ɗaya ta gefen kogi, sannan a mirgina tsakiyar ƙasa. Muka kama.

Wanda bai taɓa jan zarto mai kaifi ba bai san daɗinsa ba. Yana waƙa, kuma abin da yake zubarwa ba gari ba ne, zara-zaran sili ne kamar taliya. Amma ƙonannen itace mugu ne. Gawayin yana cin haƙora, cikinsa kuma ya bushe ya yi tauri. Kafin azahar mun yanka huɗu. Dell ya fara sauya hannu, na ga yana cije leɓe duk lokacin da ya ja.

"Kina turawa," ya ce.

"Ba na turawa."

"Kina turawa mana. Tun muna yara haka kike, ba ki yarda wani zai ja nasa ba."

"Kai ne kake ja kamar wanda bai karya ba. Ja ka rufe mini baki."

Rana ta faɗa bayan dutse muna da tara. Tara cikin arba'in, kuma mun fara da ƙarfinmu. Na zauna a kan na taran ina huci, na yi lissafin da ba ya buƙatar takarda. Saura talatin da ɗaya. Ko mun riƙe wannan gudun, sai ranar Asabar za mu ga titi. Hatsin alfadarai saura na kwana ɗaya, kuma a matsatsin nan babu ciyawar da akuya za ta ƙoshi. Sama ta yi nauyi, irin nauyin da muka sani, dusar ƙanƙara ce take tafe.

Dell ya je wajen Deacon, alfadarin da ke ɗaukar murhu da tukwane. Ya kwance mangala ɗaya, ya ɗaga tamfol, ya fito da wani abu nannaɗe da tsohon bargo. Ya ajiye shi a kan gungumen kusa da ni, ya buɗe. Zarton fetur ne, ja, da galan ƙarami a gefensa.

Na miƙe tsaye. "Delbert! Tun yaushe?"

"Tun bayan gobara. Shekara uku ke nan yana hawa yana sauka."

"A kan izininmu? A kan sunan Baba? In ma'aikacin gandun daji ya buɗe mangalar nan fa?"

"Ko sau ɗaya ban tayar da shi ba. Shinshina ki ji, ko hayaƙi bai taɓa yi a nan ba. Na ajiye ne don rana irin ta yau, wadda kika rantse wa mutanen Washington ba za ta zo ba." Ya zauna yana matsa kafaɗarsa. "Da wannan, gobe kafin la'asar kina gida kina goge rigar da za ki sa."

"Mayar da shi."

"Ba zan mayar ba, ba kuma zan tayar ba. Ga shi nan. In kina so, ki ja igiyar tayar da shi da hannunki."

Na zage shi, zagin da ban yi masa ba tun muna samari da 'yan mata. Ya tashi ya hura wuta ya ɗora wake.

Babu hanyar da ban bi ba a cikin kaina. Ina iya barin sa, in tsallake itatuwan da ƙafa, mil bakwai, in isa gari Laraba da yamma. Amma mutum ɗaya ba ya jan zarton mutum biyu. Ina juya baya zai tayar da injin, don ba zai bar alfadarai takwas su mutu a ƙanƙara ba, ni ma ba zan so ya bari ba. Sai ya iso bayana ya tsaya gaban kwamiti ya ce, ga yayata nan, ta gudu ta bar ni, inji ne ya fito da dabbobinta. Muna da 'yar na'urar aika saƙo ta gaggawa, ina iya roƙon hukuma ta ba mu izinin inji na kwana ɗaya. Wataƙila ma su bayar. Amma a rubuce zai kasance, da sunana a ƙasa, kuma ranar Alhamis wani zai karanta shi da lasifika. Ina kuma iya riƙe gaskiyata in ci gaba da jan zarto har Asabar. Kujerata za ta zauna ba kowa, ɗan majalisa ya duba agogo, shekara goma sha tara su tafi a banza. Duk inda na juya bango ne.

Laraba muka tashi ƙanƙara ta rufe mangaloli, tana kuma ci gaba da sauka a hankali. Pearl ta cinye rabin igiyar da aka ɗaure ta da ita. Na ce mu gwada tukuna. Muka kama na goma, wani ƙato da ba zan iya rungumarsa ba. Mun kai tsakiya Dell ya ja, hannunsa ya saki, ya durƙusa ya riƙe kafaɗa. Bai yi ƙara ba. Da ya yi ƙara ma da ya fi mini sauƙi.

"Ba ni minti biyar," ya ce. "Zan iya da hagu."

Na tsaya ina kallonsa, ƙanena, gemunsa ya yi fari, ƙanƙara tana taruwa a hularsa. Na zare zarton Baba daga cikin yankan, na goge shi, na mayar da shi rigarsa. Sannan na je na buɗe bargon.

Ja uku ya tashi. Ƙarar ta daki dutse ta dawo, alfadarai suka ja da baya, wasu tsuntsaye suka watse daga bakin kogi. Shekara hamsin ina shiga kwarin nan, ban taɓa jin wannan ƙarar a cikinsa ba, kuma ni ce na kawo ta. Abin da ya fi ba ni kunya, zan faɗe shi tunda na fara: na ji daɗi. Gungumen da ya ci mana awa guda ya rabu biyu kafin in ƙirga sittin. Ina yanka ina kuka ina jin daɗi, duk lokaci ɗaya. Dell yana biye da ni yana mirgina tsakiyar cikin kogi da ƙafa da hannun hagu. Ko Sanata bai ce ba.

Talatin da ɗaya, kafin ƙarfe uku. Da na kashe injin kunnuwana suna ta ƙara. Na waiwaya na dubi hanya. Kowane gungume ya bar fuska biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, farare tas a cikin baƙin gawayi. Duk wanda ya tashi a Cutler, ko ɗan firamare ne, kallo ɗaya zai yi ya san abin da ya yi yankan. Zarton hannu yana barin fuska mai santsi da layuka a miƙe. Inji yana barin zane mai lanƙwasa, da ɓarɓashi murabba'i a ƙasa. Ƙanƙara ta riga ta fara rufe su.

Ranar Alhamis ɗakin wasanni ya cika har bakin ƙofa. An jera tebur a ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando, 'yan kwamiti uku suna zaune, da wata mata tana buga duk abin da aka faɗa. 'Yan birni suna gefe ɗaya da koren ƙyalle a ƙirji, mutanen garinmu suna ɗaya gefen da hulunansu a gwiwa. Na sa rigata mai shuɗi. Tafin hannuna duk ya fashe, sai na riƙe takardata da yatsu.

An ba ni minti biyar. Na yi maganar Baba, da ƙofar ƙarfe, da tafkin, da yaran makaranta da muke kaiwa kyauta duk bazara. Na gama ina shirin tashi, sai shugaban kwamitin, wani dattijo daga wata jiha mai nisa, ya ɗaga hannu.

"Malama Stoddard, an gaya mini jiya kika fito daga dajin, bayan iskar nan ta Litinin. Itatuwa nawa kuka tarar a hanya?"

"Arba'in, ranka ya daɗe."

"Arba'in! Ku nawa?"

"Ni da ƙanena."

"Kuma da zarton hannu kuka fito?"

Ba tarko ya ɗana mini ba, wallahi. Murmushi yake yi, so yake ya taimake ni. Ɗan majalisarmu yana kallona yana gyaɗa kai. Matar nan ta ɗaga yatsunta daga kan na'urarta tana jira. A bayana, layi na biyu, ina jin numfashin Dell.

"Eh, ranka ya daɗe," na ce. "Da zarton mahaifinmu."

'Yan birni suka tafa. Ta ɓangaren garinmu aka yi tsit, sai tsoho Harmon Pike, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran hanyoyin daji, ya ce a fili, "Arba'in a kwana biyu? Da zarto?" Wani ya yi dariya. Shugaba ya buga tebur.

Aka kira Delbert Stoddard. Ya tashi da hannunsa na dama rataye a ƙyalle, ya zauna a kujerar da na tashi, har yanzu da ɗumina. Ya yi maganarsa yadda ya saba, ba takarda. Ya ce shi ba ya ƙin dajin, a cikinsa aka yaye shi. Ya ce masu jan zarto suna ƙarewa, yaran yanzu ba wanda ya iya wasa haƙoransa. Ya ce doka ba ta tsufa amma kafaɗa tana tsufa. Mutanen gari suka yi ta cewa haka ne. Ni kuwa ina kallon ƙeyarsa ina jira. Kalma ɗaya ta ishe shi. Shekara goma sha tara yana neman hujja, ga ta na sa masa a hannu da kaina.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, mai adawa da ƙudurin, ya matso da lasifika. Ya ji abin da Harmon ya faɗa.

"Malam Stoddard, kana tare da 'yar'uwarka. Itace arba'in a kwana biyu. Haka aka yi kamar yadda ta faɗa?"

Dell ya gyara zama. Ya dubi hannunsa da ke rataye, ya dubi mutanen da suka zaɓe shi ya yi magana da bakinsu. Ni kaɗai ce bai duba ba.

"Yayata ba ta ƙarya," ya ce. "Yawancinsu ƙanana ne."

A wajen ajiye motoci na same shi yana ƙoƙarin buɗe ƙofar akori-kurarsa da hagu. Mutanensa sun wuce shi ba wanda ya tsaya. Na ce, "Dell."

"Kada ki gode mini. In kika gode mini sai na koma ciki na faɗa."

"Me ya sa ka…"

"Me kike so in yi? In tsaya gaban Harmon Pike da duk garin nan in ce 'yar Orval Stoddard maƙaryaciya ce?" Idonsa ya yi ja. "Gaskiyata ce fa, Verna. Ni ne mai gaskiya, kin kuma sani, da hannunki kika ja igiyar. Sau ɗaya a rayuwata na fi ki gaskiya, kin sa na haɗiye ta. Yanzu ko na mutu ba ni da bakin faɗa."

Ya shiga mota ya tafi. Ban bi shi ba.

Hunturun nan ya yi mini tsawo. Ƙudurin ya wuce kwamiti, aka ce za a kaɗa ƙuri'a a watan Yuli. Wata ƙungiya a Boise, babban birnin jiharmu, ta buga hotona a takardarta, aka rubuta a ƙasa: itace arba'in, zarto ɗaya. Mutane suna aiko mini da wasiƙu daga jihohin da ban taɓa zuwa ba, wata malamar makaranta har ta ce ta karanta wa ɗalibanta labarina. Ina jefa su a akwati ba na iya gama karantawa. Harmon Pike kuma duk inda muka haɗu sai ya taɓa hularsa ya ce, "Da ƙanƙara ta narke zan hau in ga aikin nan, Verna. Ina so in koya." Ba wasa yake yi ba. Fuska sittin da biyu suna kwance a ƙarƙashin ƙanƙara suna jiran rana. Hoto ɗaya ya isa ya kashe ƙudurin, ya ƙwace mana izini, ya kuma mayar da ni da Dell maƙaryata a rubuce, a takardun majalisa.

Gyara ɗaya ne. A koma kafin kowa, a yanke siririn faifai daga kowace fuska da zarton hannu, a jefa a kogi, a share ɓarɓashin. Yanka sittin da biyu. Kuma zarton mutum biyu ne. A duk faɗin duniya mutum ɗaya ne zan iya roƙa ya riƙe ɗaya bakin, shi kuma tun Oktoba maganar da ke haɗa mu ba ta wuce ta ciyawar alfadarai ba. An yi masa aiki a kafaɗa a watan Janairu, likita ya ce kada ya ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi sai kaka. Sau uku ina zuwa ƙofar gidansa ina juyowa.

A makon farko na Yuni, ruwan kogi bai gama sauka ba, ina ba dabbobi hatsi da safe na ji mota ta tsaya. Dell ne. Ya sauko ya buɗe baya, ya zaro zarton Baba. Ban ma san ya ɗauke shi daga rumfa ba. Haƙoran suna ƙyalli, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari.

"Harmon ya ce ranar goma sha biyar zai hau," ya ce. "Ɗaura wa Pearl sirdi."

"Likita ya ce…"

"Likita ba ya cikin takardun majalisa. Ni ina ciki."

Muka isa matsatsin da hantsi. Ƙanƙara ta janye, ga su nan a jere hagu da dama har inda ido ya ƙare, sun ɗan yi ruwan toka amma zanen injin yana nan raɗau. Na tsaya a gaban ta farko. Na ce masa har yanzu akwai wata hanyar, in sauka in kira ɗan majalisa in faɗa masa komai.

"Ki faɗa masa ni ma na yi ƙarya?" Ya shafa wa zarton kananzir. "Wannan hanyar kin rufe ta tun ranar Alhamis ɗin nan. Kama."

Na kama nawa bakin, ya kama nasa da hannun hagu. Muka ɗora haƙoran ɗan yatsa biyu daga bakin fuskar. Na ja, ya ja. Ina ganin yadda yake runtse ido duk lokacin da zarton ya koma wajensa, sai na ɗan taimaka masa, kaɗan kawai, don ya rage wahala. Nan take ƙarfen ya lanƙwashe ya maƙale.

"Kin tura," ya ce.

"Na ga kana jin ciwo ne."

"Ina ji. Bar ni in ja nawa, Yaya."

Rabon da ya kira ni haka tun ranar da muka binne Baba. Na sunkuyar da kai na gyara tsayuwa, muka zare zarton muka sake ɗorawa. Da faifan ya faɗi Dell ya sa ƙafa ya ture shi, ya gangara ya faɗa ruwa, kogi ya tafi da shi. Ya share gumi da hularsa, ya dubi hanya.

"Saura sittin da ɗaya," ya ce.